Faɗin fili ko ƙyallin tayil: lissafin mai sayen gida a Diguel

Duk wanda yake da lambar dillali ko da guda ɗaya a wayarsa ya san irin hotunan da ake turowa ta WhatsApp. Falo ne za ka gani, tayil yana ɗaukar ido, an yi wa rufin ciki ado da fitilu kala-kala, ga ƙofar ƙarfe 'yar waje mai mukulli uku. Da wuya a turo maka hoton tsakar gida, kuma ba a ɗaukar hoton ƙofar gidan daga tsallaken titi, inda za ka gane ko gidan ne a sama ko titin. In kuwa gidan tsoho ne, to ba ma hoton za ka samu ba. Saƙon murya ne, dillali yana cewa: "Alhaji, fili ne babba, ginin dai sai a hankali."

Tsakanin waɗannan biyun mafi yawan masu neman gida a Diguel suke tsayawa: ƙaramin wuri da aka gama ƙawatawa, ko wuri mai faɗi da ɗakuna irin na da. Sau da yawa kuɗin da ake nema a kansu ba ya da nisa da juna, shi ya sa zaɓin yake da wuya. Galibinmu kuma ba da bashin banki muke sayen gida ba. Kuɗin gado ne, ko tarin shekaru ashirin na kasuwa, ko shanun da aka sayar. In aka zuba su a inda bai dace ba, babu wasu a bayansu.

Kafin a shiga lissafi, yana da kyau a tuna abin da ya sa ƙasa ta yi daraja haka. A ƙidayar 1993 mutanen N'Djamena ba su wuce dubu 530 da 'yan kai ba. Da aka sake ƙirgawa a 2009 sun doshi miliyan ɗaya, kuma tun daga nan garin bai daina cika ba. A tsakanin ƙidayoyin biyu ne aka fara fitar da man fetur, a 2003, kuɗi ya shigo hannun wasu, su kuma suka zuba shi a filaye. Diguel da manyanmu suke ba da labarin ta a matsayin bayan gari, yau ga ta a cikin gunduma ta 8 daga gundumomi goma na birnin, da kasuwarta, da ginin da a da ake kira Fadar 15 ga Janairu inda aka buɗe babban taron tattaunawar ƙasa a watan Agustan 2022, da babban otal a Diguel ta Gabas. Mu Hausawa da kakanninmu suka yada zango a tsohuwar Fort-Lamy a kan hanyarsu ta zuwa Makka, gidajenmu na tsakiyar gari gado ya yayyanka su, kowa ya karɓi ɗan rabonsa ya nufo gabas da arewa yana neman inda zai sa kansa.

Yayata ma haka ta fito. Da aka sayar da gidan mahaifinmu aka raba, ta haɗa nata kason da abin da mijinta marigayi ya bari da ribar atamfofin da take sayarwa, ta ce in raka ta neman gida. 'Ya'yanta biyar, ga uwar mijinta da take riƙo. Mun shafe kusan wata huɗu muna yawo, kuma gidaje uku ne suka tsaya mana a rai. Zan faɗi kuɗinsu don lissafin ya fito fili, amma kada wani ya ɗauka farashin Diguel ke nan. Na layukan da muka shiga ne a lokacin da muka shiga, kuma a unguwar nan tsallake titi ɗaya yana sauya magana.

Na farko rabin fili ne, mita 15 a 15, wato murabba'in mita 225. An gine shi kusan bango zuwa bango: falo, ɗakuna uku, banɗaki biyu na zamani, kicin a ciki, tayil har tsakar gida, in ma za a kira wannan ɗan lungun tsakar gida. Miliyan 32 na sefa aka ce. Na biyu cikakken fili ne, 15 a 30, murabba'in mita 450. Ɗakuna huɗu ne a jere, biyu na jan bulo, biyu na ƙasa irin wanda ake ce wa poto-poto, daɓen siminti duk ya farfashe, tagogi ƙanana na katako, fenti shuɗi mai maiƙo wanda na tabbata ya girmi babbar 'yarta. Ga masai a can ƙurya, ga dogon yaro guda a tsakiya. Miliyan 33. Na ukun ya fi su duka faɗi, murabba'in mita 600, an yi masa sabon fenti, kuma ya fi su araha nesa ba kusa ba.

'Yan matan gidan, da ma ba sai an tambaye su ba, na farko suke so. Ni kaina da na shiga falon nan na ji sanyin tayil a ƙafata sai da zuciyata ta karkata.

Raba ƙasa da gini

Wani dattijon magini da ya yi wa mahaifinmu aiki shekaru da dama shi ya nuna mana hanyar da nake ganin kowa ya kamata ya bi, kuma ba ta buƙatar komai sai tambaya da kalkuleta ta waya. Ya ce kada a tambayi kuɗin gida a dunƙule. A fara gano nawa ƙasa tsurarta take a layin, sannan a cire, abin da ya rage shi ne kuɗin da ake nema a kan ginin.

Muka tambayi maƙwabta da mai shagon kan kwana da limamin masallacin layin, ba dillalin da ya kawo mu ba. Bakinsu ya zo kusan ɗaya: ba a daɗe ba an sayar da wani kango mai faɗin 450 a kan kusan miliyan 28. Ke nan kowace murabba'in mita ta kama wajen sefa dubu 62. Gidajen biyu na farko ba su da nisa da juna, don haka ma'auni ɗaya ya ishe su. A gida na biyu, ƙasa ta cinye miliyan 28, gini da bishiya da katanga suka tashi a miliyan 5. A gida na farko, ƙasa miliyan 14 ce, ko mu ce 15 tunda rabin fili yakan ɗan ɗara rabin kuɗi saboda masu nemansa sun fi yawa. Sauran miliyan 17 ko 18 duk na gini ne.

Dattijon bai ce mai gida na farko ya yi tsada ba. Cewa ya yi in yau za a tayar da irin wannan ginin daga tushe, zai ci haka ko fiye. Sannan ya juya wajen Yaya ya ce: "Hajiya, kuɗin ɗaya ne. A can fiye da rabinsa za ki zuba a abin da yake tsufa. A nan kusan duka za ki zuba a abin da ba ya tsufa. Tayil ɗin da ya burge yaran nan, nan da shekara goma su da kansu za su ce tsohon yayi ne."

Ya yi gaskiya. Shuɗin fentin da muke yi wa dariya a gida na biyu, a zamaninsa shi ne gayu. Ado na cikin ɗaki yayi ne, kuma yayi a garin nan ba ya daɗewa, musamman yanzu da kowa yake kallon gidajen Dubai da Istanbul a waya. Ana iya sauya daɓe, a fasa taga a faɗaɗa ta, a sa sabuwar ƙofa, yau ɗaki ɗaya, baɗi wani. Mita ɗaya ta fili kuwa ba za ka ƙara ba sai maƙwabcinka ya yarda ya sayar, kuma ya san kana so.

Abin da tsakar gida take yi

Akwai amfanin fili da ba ya shiga kalkuleta, kuma mu da muke zaune a nan mun fi kowa saninsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, wuta kuma ba kullum ba. Gidan da aka gine bango zuwa bango, an rufe shi da kwano, an shimfiɗa masa tayil har waje, in babu na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta riƙe ta, tanda ne. A irin waɗannan watanni tsakar gida ita ce ɗakin kwana, ita ce falo. Nan ake girki da shanya, nan ake ɗaure ragon layya. In haihuwa ta zo ko rasuwa, nan mata suke zama ba tare da an toshe titi da rumfa ba. Gidan da yake da zaure ko ɗakin waje, baƙo namiji zai shigo ya sha shayi ya fita bai ratsa ta kan matan gida ba. A rabin filin nan, duk wanda ya turo ƙofa sai ya ga abin da ke cikin tukunya.

Sai kuma baƙi. Wane Bahaushe ne a N'Djamena da ba ya saukar ɗan'uwa daga Abéché ko Maiduguri ko Kousseri, wanda ya zo asibiti ko neman takarda ya ce kwana uku, ya yi wata biyu?

Ga maganar masai, wadda ba a son yi amma dole. Yawancin gidajen unguwanninmu rami suke dogara da shi, kuma da yawa suna da famfon burtsatse a cikin gida. A ƙaramin fili ramin da rijiyar suna kusa da juna fiye da yadda lafiya take so, kuma in ramin ya cika babu wurin haƙa wani. A fili mai tsawon mita 30 kana iya sa ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan.

Na bar fuskar titi a ƙarshe don ita ta fi jan hankalin Yaya. Mita 15 a bakin hanya, in aka cire ƙofa, shaguna biyu ne har da ragowa. Gida na farko ma faɗinsa 15 ne, amma falo da ɗakin kwana sun riga sun zauna a wurin. Ga matar da ba ta da albashi ba ta da fansho, hayar shago biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Inda lissafin yake karyewa

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce kowa ya sayi faɗi ya manta da ado. Amma gida na uku ya fi kowanne faɗi, kuma shi muka fara jefarwa.

N'Djamena shimfiɗe take kamar faranti, kuma ɗan gangaren da take da shi ba kogin Chari ya nufa ba, baya yake yi da shi. Ruwan sama kuma kusan duk a watanni uku yake sauka, Yuli zuwa Satumba, Agusta ya fi tsanani. Ambaliyar 2022, wadda ta sa gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Oktoba, ta kogi ce, ta fi cin unguwannin gunduma ta 9 irin su Walia. Tamu ta nan daban ce. Ruwan sama ne da ya rasa hanyar fita, ya kwanta a layi, ya cika tsoffin kududdufan da ake kira buta, waɗanda aka cike wasunsu da shara da ƙasa aka yanka filaye a kai. Wanda ya ga daminar 2020 da ta 2024 a wannan ɓangaren gari ba ya buƙatar bayani.

Saboda haka fili a Diguel ba tsawo da faɗi kawai gare shi ba, yana da tudu. Dattijon nan bai ko shiga ɗakunan gida na uku ba da farko. Tsayawa ya yi a titi ya dubi dokin ƙofa, sannan ya dubi na maƙwabta. Kowa a layin ya ɗaga ƙofarsa da matakala biyu ko uku, wannan gidan kuwa gangarawa ake yi a shiga. Ya zaga bayan katanga inda mai fenti bai kai ba, ya nuna mana layin da ruwa ya bari, ya kusa gwiwa. A cikin ɗaki ya ƙwanƙwasa ƙasan bango da mukulli, sabon fentin ya ɓare, farin gishiri ya bayyana a ƙarƙashinsa.

Ga yadda abin yake faruwa. Duk lokacin da aka zuba ƙasa a titi, ko aka yi kwalta, titin yana hawa. Maƙwabcin da ya samu kuɗi ya yi ciko ya ɗaga gidansa. Ruwan da a da yake rabuwa gida goma, yanzu gidan da ya rage a ƙasa yake tararwa. Tsohon gida, saboda shi ya riga kowa zama, sau da yawa shi ne wannan gidan.

Kuma ciko ba wasa ba ne. A fili mai murabba'in mita 600, in za a ɗaga shi da santimita 60, ana buƙatar ƙasa mita 360 ta awon ciki. In motar ben tana ɗaukar goma a sawu ɗaya, sawu 36 ke nan, ban da ladan masu baza ta da daddaɓe ta. A nan faɗin da kake murna da shi ya koma abin biya. Sannan in ka ɗaga tsakar gida, ɗakuna sun zama rijiya, dole ka ɗaga daɓensu. In ka ɗaga daɓe da santimita 60, kanka ya kusa taɓa rufi, ƙofa ta gajarce, taga ta sauko gwiwa. Dole a cire kwano a ƙara tsawon bango. Bangon da gishiri ya ci ƙasansa kuma ba zai ɗauki ƙari ba. Ka ga an tashi daga gyara an koma rushewa, kuma rushewa da kwashe ɓaraguzai su ma kuɗi ne. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Don haka kalmar "tsohon gini" da dillali yake faɗa a dunƙule, kashi biyu ce. Akwai tsufan da ido kawai yake damu: launin fenti, daɓen siminti, ƙananan tagogi, kicin a waje, rashin tayil. Wannan alheri ne ga mai saye, don yana karya farashi fiye da abin da gyaransa zai ci, kuma ana iya zama da shi shekaru. Akwai kuma tsufan da ya shiga ƙashi: daɓen da ya faɗa ƙasa da titi, damshin da yake hawa bango, tsagewar da ta taso daga tushe ta yi sama a karkace, katakon rufi da gara ta cinye, wayoyin wuta da aka jona barkatai. Ƙasar garin nan a wurare da yawa laka ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma ginin da ba a ɗaure tushensa da kankare da ƙarfe ba, ita take tsaga shi. Irin wannan ginin, a lissafi kuɗinsa sifili ne, har ma a cire kuɗin rushe shi daga na filin.

A gida na biyu dattijon ya yi duk wannan binciken. Dokin ƙofa yana sama da titi da kamar taki ɗaya. Ɗakunan jan bulo biyu lafiyarsu ƙalau, sai kwanon da ya yi tsatsa. Na ƙasa biyun ya ce za su kai shekara uku ko huɗu in ana yaɓe su kafin kowace damina, daga nan a sauke su. Ke nan miliyan 5 da ake nema a kan gini ta yi yawa, kuma da wannan hujjar aka zauna ciniki.

Gyara a Chadi ba kamar gyara a wani wuri ba

Wani abin da ya kamata a faɗa, don masu ba da shawarar "sayi fili, gyara daga baya" sukan tsallake shi: kayan gini a ƙasar nan suna da tsada ƙwarai. Ba mu da teku. Tayil da ƙarfen gini da kayan banɗaki da wayar wuta, mafi yawansu sai sun sauka a Douala, su yi tafiyar kusan kilomita 1,800, su ƙetare gadar Nguéli. N'Djamena ba ta da dutse, tsakuwa daga wajen Dandi ake kawo ta, can kusa da tafkin Chadi. Akwai masana'antar siminti a Baoaré kusa da Pala tun 2012, akwai wata a bakin gari wajen Lamadji, amma duk wanda ya sayi buhu ya san bai zama abin banza ba.

Ma'anar wannan ita ce, ginin da aka gama da kyau yana da daraja ta gaske, kuma mai sayen tsohon gida dole ya rage kuɗi a hannu. In duk abin da ka mallaka ya tafi wajen saye, to ka shirya zama da daɓen nan da tagogin nan shekara biyar ko fiye, kana jin gorin iyali. Na san mutanen da gida na farko ne daidai da su: ma'aikacin da ake yawan tura shi wasu garuruwa ba shi da lokacin tsayawa kan magina, ko dattijo da matarsa da yara suka watse, ko mai ƙaramin iyali da hayar da yake biya take cin rabin samunsa, yana son ya tare gobe. Tsayawa kan gini aiki ne, kuma wanda ba ya nan, buhun siminti goma yakan zama takwas. Sai dai ko shi mai sayen gamammen gida ya tuna cewa tayil da fenti suna rufe aibi fiye da yadda tsohon daɓe yake rufewa. Gidan da aka gina don sayarwa ba ɗaya yake da wanda mutum ya gina don kansa ba. A tambayi wanda ya gina shi, a tambayi maƙwabta ko sun ga zurfin tushen.

Takarda

Faɗin da ba ya cikin takarda ba naka ba ne, ko da katanga ta zagaye shi. Dokokin ƙasa da ake aiki da su tun 22 ga Yulin 1967, masu lamba 23 da 24 da 25, sun ɗora cikakkiyar mallaka a kan rajista, wato takardar da muke kira titir fonsiye. Ƙasa da ita akwai matakai: takardar da hukuma ta ba da filin, rasiɗan biyan kuɗinsa, shaidar an raya shi, awon ma'aikatan kadastir. Can ƙasa kuma akwai takardar cinikin da aka rubuta a gaban bulama ko mai unguwa da shaidu, wadda ita kaɗai ce a hannun mutane da yawa. Gida na uku ita kaɗai gare shi. Kowane mataki da ya rage, kuɗi ne da zirga-zirga da mai saye zai gada, don haka a cire shi daga farashi.

Wanda ya ga abin da ya biyo bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008 ba ya wasa da wannan. A shekarar da ta biyo, rusau ya ci unguwanni da dama na birnin, kuma ƙungiyar Amnesty International, da hotunan tauraron ɗan'adam, ta ƙirga gine-gine sama da 3,700 da aka rushe. Babban fili mai araha, wani lokaci dalilin faɗinsa shi ne an ci hanya, ko an shiga wurin da aka keɓe wa makaranta ko kasuwa ko magudanar ruwa. Mu mun ɗauko mai awo da kuɗinmu, ya gwada katangar gida na biyu da abin da ke cikin taswirar kadastir. Ya samu katangar gaba ta shiga titi da kusan rabin mita. Ba abin tashin hankali ba ne, amma da an gina shaguna a kan wannan layin, da wata rana an zo an shafa musu jan fenti.

Sai gado. Tsohon gida mai babban fili a Diguel, in ka bincika, sau da yawa mai shi ya rasu ne, magada suke sayarwa. Shi ya sa ba a gyara shi ba, don ba wanda zai zuba kuɗinsa a abin da ba nasa shi kaɗai ba. Wannan yana sa a samu sauƙin farashi, tunda kowa yana son a raba a huta, amma nan ne kuma rigima take kwana. Wanda ya kawo ka ya ce shi ne babban ɗa, ba shi ne magada ba. A nemi takardar rabon gado, a ƙirga sunaye, a tabbatar matan ciki sun yarda da bakinsu, ba a ce "an gaya musu" ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, in wani ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin shuf'a, ya biya kuɗin ya karɓe. A gida na biyu magada bakwai ne, ɗaya tana aure a Sudan. Wata shida muka jira wakilcinta a rubuce. Dillali ya yi ta kiran Yaya yana cewa wani Alhaji ya zo da kuɗi a buhu. Ta ce masa: "Ɗana, in rabonsa ne ya ɗauka."

Ba a ɗauka ba. Jiran ma ya yi mana rana, don ya kai mu cikin Agusta. Washegarin wani ruwa mai ƙarfi na hau kilando na je layin da sassafe. Mai babur ya sauke ni a bakin kwalta ya ce ba zai shiga ba, na naɗe wando na taka. Layin gida na uku ba ya shiguwa sam. A gida na biyu ruwa ya kwanta a titi, amma bai haura dokin ƙofa ba, tsakar gidan kuma ta tsane ta wata tsohuwar rariya da ke gefen masai. Dillalai sun fi son kai mutum ganin gida a Janairu ko Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe. In da hali, a ga gidan da damina kafin a biya, in kuma babu hali, a tambayi yaran layin inda suke kamun kwaɗi.

An rufe ciniki a gaban notar a kan miliyan 30 da rabi, magada shida da wakilin ta bakwai suka sa hannu. Abin da ya rage a hannun Yaya bai kai ta gyara ɗaki ko ɗaya yadda 'yan matan suke so ba. Dattijon ne ya tsara mata abin da za a fara: sabon kwano a ɗakunan jan bulo, sabon ramin masai nesa da inda za a haƙa famfo, sannan a ja katangar gaba baya zuwa kan iyaka ta gaskiya, a fitar da shaguna biyu a ɗaga daɓensu sama da titi da matakala uku. Tela ya kama ɗaya, mai cajin waya da sayar da kati ya kama ɗayan. Kuɗin hayar shekarar farko ya tafi wajen bin takardun kadastir, na bana kuma bulo ake tarawa da shi a gindin dogon yaro, don ɗakunan ƙasan nan biyu sun fara nuna alamar gajiya. Shuɗin fentin yana nan a ɗakin uwar mijinta, wadda ta ce kada wanda ya taɓa mata shi.